Ciyaman Fuseini Ya Shiga Tunani

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin jinya a asibitin Maamobi da ke Accra, wadda ta ƙi barin kaina ita ce ranar da direbobin trotro, motocin hayar garin, suka kawo mana shugabansu, wai ya shiga tunani tun safe ya ƙi fitowa. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ba ku tarar da abin ba, shi ya sa zan ba ku shi daga tushe.

A lokacin ina ƙaramar nas mai koren kaya, ban kai ga farin yunifom na manya ba. Teburina shi ne na bakin ƙofa, inda kowane marar lafiya ke fara tsayawa. Zan auna zafin jikinsa da bugun zuciya da hawan jini da nauyi, sannan in yanke wanda zai jira a benci da wanda za a shigar wa likita nan take. Wanda bai san aikin ba gani yake zaman hutu ne. Amma in mutum ya cika a kan layi, mai wannan teburin za a fara tambaya.

Wata Litinin ce bayan azahar, a tsakiyar watannin nan da rana ke gasa Accra har kwalta ta yi laushi. Sai ga trotro ta kutso har bakin baranda, inda ko motar ɗaukar marasa lafiya ba a bari ta tsaya. Ƙarti suka diro suna tallabe da wani ƙaton dattijo. Abin da ya fara ɗaukar idona ba girmansa ba ne, kayan jikinsa ne. Rigar sanyi ce mai kauri irin ta borga, masu dawowa daga Jamus, an ja zip har wuya, ga mayafin ulu an naɗe a kai. Ni kuwa gumi har cikin takalmina.

Wanda ke gaba, wani direba mai suna Salifu, ya ce, "Anti Nas, yi sauri! Ciyaman namu ne. Ya shiga tunani tun safe, bai fito ba kraa."

Na ce, "Tunani kuma? Tunanin me?"

Nan ya zayyana mini. Ashe dattijon shi ke raba rigima a tasharsu. In direbobi biyu suka kaure kan wanda layin lodi ya zo kansa, sai a kai su gabansa. Kowa ya faɗi nasa, shi kuma ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ya yi shiru. Shirun kan yi tsawo har masu faɗan su fara jin kunya, ɗaya ya ce ya haƙura, ɗayan ma ya ce ya haƙura. Can sai Ciyaman ya buɗe ido ya ce, "To... alhamdu... lillahi." Shi ke nan an gama shari'a. Salifu ya ce tun da aka kafa tashar ba a taɓa yin alƙali irinsa ba, bai taɓa ba wani rashin gaskiya ba.

"To yau fa?" in ji ni.

"Yau mun kawo mishi rigima da safe, mun shirya, mun ci abinci, mun je masallaci mun dawo, yana nan yana tunani. Mun ce wannan magana ya yi nauyi paa. Sai da ya zame daga benci muka gane."

Na so in yi dariya, amma da na kama hannun mutumin sai dariyar ta koma ciki. Fatarsa a bushe take, ga sanyi. Ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da yadda ya kamata, zuciya kuma na bugawa a hankali kamar an roƙe ta. Fuskarsa ta kumbura, gashin gira ya zube ta gefe. Na ɗaga murya a kunnensa na yi sallama. Ya buɗe ido da ƙyar, ya amsa da wata murya mai kauri, kalma ɗaya na jiran 'yar'uwarta. Na tambayi sunansa don in rubuta a kati, Salifu ya ce Baba Fuseini.

Na ce, "Wane Fuseinin?"

"Gobara mana. Ba ka san Gobara ba?"

Wa ya tashi a Maamobi bai san Gobara ba? Siririn mutum ne mai manyan idanu a waje, kullum jiƙe da gumi, hannu na rawa, wuya a kumbure. Yakan share kwano biyu na waakye, shinkafa da wake, ya nemi ƙari, amma ko tsoka ba ta kama shi. In ya fara masifa a tasha ana jinsa daga babban titin Nima. Ina 'yar makaranta ya taɓa sauke ni daga mota don na ce kujerar ta jiƙe, ya bi ni da faɗa har bakin kwata. An tura ni aiki arewa na ɗan lokaci, ban san abin da ya faru da shi ba. Yanzu ga shi a gabana kamar buhun masara, wai shi ne mai sulhu.

Na warware mayafin wuyansa don ya sha iska. Kumburin nan na da babu shi. Sai wani siririn tabo a kwance a gindin wuya, daga gefe zuwa gefe, irin wanda wuƙar likita kaɗai ke bari. Ban sa shi a layi ba. Na tura shi kai tsaye ɗakin Dokta Ofori, likitan da ke bakin aiki ranar, na bi su don in yi tafinta, domin Hausar Dokta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba.

Bari in tsaya in yi bayani saboda waɗanda ba su san wannan fannin ba tukuna. A gaban wuyan kowa, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, ta rungume bututun numfashi. Sunanta tairod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta ta zuba wani sinadari cikin jini, shi kuma ya gaya wa jiki saurin da zai yi aiki: bugun zuciya, narkar da abinci, ɗumin jiki, har saurin tunani da magana. In sinadarin ya yi yawa, mutum ya rame, ya yi ta gumi da faɗa, barci ya gagare shi. In ya yi kaɗan, komai ya lafa, mutum ya yi ƙiba, ya ji sanyi ana tsakar rana, ya yi ta gyangyaɗi. In aka bar shi haka, wata rana zai yi barcin da ba a tashi.

Dokta ya ga tabon, ya dubi fuskar, ya gyaɗa kai. Salifu ya tabbatar mana an yi wa Baba Fuseini aiki a babban asibiti wajen shekara guda da ta wuce, an cire maƙoƙon gaba ɗaya. Sai Dokta ya matso, ya sa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa kumatun Baba Fuseini, daidai gaban kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Salifu ya daka tsalle. "Kai! Ya mari Ciyaman! Jama'a, dokta ya mari Ciyaman!"

Kafin in buɗe baki direbobin da ke waje sun cika ƙofa. Wani na rantsuwa da yaren Twi, wani na naɗe hannun riga, wani na cewa a bar shi da shi. Dokta Ofori, mutum mai sanyin hali, ya ja baya har ya jingina da kabad yana tambayata me ya yi. Shi kuwa wanda aka ce an mara ya riga ya koma tunani. Raina ya ɓaci. Na tsaya a bakin ƙofa na ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai na auna masa hawan jini a gaban mutane na faɗi sakamakon da ƙarfi. Direba ba abin da yake tsoro kamar wannan. Suka ja baya.

Na yi musu bayani kamar yadda zan yi muku. A bayan tairod akwai wasu 'yan ƙwayoyi guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ana ce musu faratairod. Suna manne da ita, amma aikinsu daban ne. Su ke kula da sinadarin kalsiyam a jini, wanda ƙashi da jijiya da tsoka ke buƙata. In likita zai cire tairod sai ya lallaɓa ya bar su a wurin. In suka taɓu, kalsiyam ya sauka, mutum ya riƙa jin tsikari a leɓe, yatsu su ƙage, in aka ƙwanƙwasa gaban kunne sai gefen baki ya harba. Abin da Dokta ke dubawa ke nan. Bakin Baba Fuseini bai harba ba, alamar 'yan huɗun nan na nan lafiya, kodayake sai gwajin jini ya tabbatar.

Salifu ya ce, "Yoo. Amma ya riƙa yin sallama kafin ya taɓa fuskan manya."

Saura tambaya ɗaya. Duk wanda aka cire wa tairod ana ba shi wata 'yar ƙwaya da zai sha kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa, ita ke maye gurbin sinadarin. Dokta ya ce in tambaye shi ko yana sha. Na tashe shi na tambaya.

"Kul...lum," in ji shi. "Ayishetu... ke ba ni."

Dokta ya ce ba zai yiwu ba, mai shan ƙwayar nan kullum ba ya zama haka. Ruwa dai ba ya tsami banza. Aka tura a kira matarsa, aka ce ta taho da maganin.

Mma Ayishetu ta iso tana haki. Gajeriyar mace ce mai sayar da koko a bakin layinsu, na san ta tun ina yarinya. Ta miƙa robar maganin ba tare da ta dubi kowa ba. Sunan da ke jikin robar daidai ne. Dokta ya buɗe, ya zazzage a tafin hannunsa, sannan ya miƙo mini hannun. Ƙananan ƙwayoyi ne rawaya, bitamin ɗin nan da muke kira Bi-ko, wanda ake ba mutum don ya ji daɗin cin abinci. Wato shekara guda ana ƙara wa Ciyaman cin tuwo.

Dokta ya ce in ja ta gefe, magana ta mata ta fi sauƙi. Muka fita baranda ta baya inda ake shanya zannuwan gado. Ban ma tambaye ta ba ta fara.

"Rabi, ni ne na canza. Kar ka kama mai kemis, ba ruwanshi."

Na ce, "Mma, don me? Kin san abin da kika yi kuwa?"

Ta gyara ɗaurin zaninta ta dube ni ido cikin ido. Ta ce da aka sallamo shi daga babban asibiti ta tambayi wata nas amfanin ƙwayar, aka ce mata ita ce ke mayar masa da abin da maƙoƙon ke zubawa a jini. "Na ce a'a! Abin da ya sa ni kuka tun ina amarya, dokta ya yanke ya zubar, na yi sadaka don murna. Yanzu a ce ni da hannu na in riƙa mayar mishi kowane safe, da ruwa a kofi? Rabi, ni mahaukaci ne?"

Lissafinta bai da kuskure ko ɗaya, sai dai zai kashe mata miji. Ta ce tun da ta canza ƙwayar gidan ya yi sanyi. Ba a fasa kwano ba, maƙwabta sun daina leƙowa ta katanga, jikokinsa da ke gudu in sun ji takunsa yanzu a cinyarsa suke barci, shi ma yana yi. A tasha an ba shi kujera. Mutanen unguwa na cewa Gobara ya tuba, ya yi ƙiba, Allah ya buɗa masa, har rigar borga yake sawa.

Na ce, "Mma, ba tuba ya yi ba. Mutuwa yake yi a hankali. In aka ƙara 'yan watanni a haka, wata safiya za ki kawo koko ki tashe shi ba zai tashi ba."

Ta zauna a kan bokitin da ke kife a wurin, ta rufe fuska da gyale. Ta ce, "To in yi yaya? In ba shi, Gobara ya dawo. In hana shi, ya mutu." Gaba kura baya siyaki. Tausayinta ya kama ni har haushin da na zo da shi ya tafi.

Ƙa'idar aiki ita ce marar lafiya ya san abin da ke damunsa, ba a ɓoye masa. Na ce mata ko ta faɗa da bakinta ko Dokta ya faɗa. Ta ce ita za ta faɗa. Muka kori direbobi, muka rufe ƙofa. Ta tsaya nesa da shi, kusa da ƙofar, irin tsayuwar wadda ta saba gudu, ta faɗa masa komai. Ni ma na ɗan matsa kusa da ita, don ban manta da ranar jiƙaƙƙiyar kujerar motarsa ba.

Baba Fuseini ya rufe ido. Muka jira. Dokta ya duba agogo, ni na fara tunanin ko in sake tashinsa. Can ya buɗe.

"Ayishetu... ka yi... dabara."

Dariya ta ƙwace wa Dokta da na fassara masa. Amma Baba Fuseini bai gama ba. Ya juyo gare ni a hankali. Ashe duk bayanin da na yi wa direbobi yana ji.

"Yarinya... ka ce sun bar guda huɗu... a wuya na. To huɗu... ba za su iya aikin ɗaya ba? Su yi... karo-karo."

Na ce, "Baba, ba aikinsu ba ne. Kowa da tasharsa."

"Malalata," in ji shi.

Sai hawaye ya gangaro ta kumburarriyar fuskar nan. Ya ce shi ma ba ya son ƙwayar. Ya ce ya san wane ne Gobara, ya fi kowa saninsa. Shekara da shekaru yana jin wuta a ƙirji, yana zagin mutane yana jin kansa, ya kasa tsayawa. Yanzu ana gaishe shi a hanya, yara na zama kusa da shi. In ƙwayar za ta dawo da wancan mutumin, a bar shi da sanyinsa ya mutu ana ganin girmansa. Nan na gane ba ita kaɗai ke tsoro ba, su biyu ne.

Dokta Ofori ya ja kujera ya zauna gabansa, ya ce in fassara kalma da kalma. Ya ce, "Kai direba ne. A da totur ɗin motarka ya maƙale a ƙasa, tana gudu ba birki, ba laifinka ba ne. Yanzu an cire totur ɗin gaba ɗaya, mota na gangarawa za ta mutu a hanya. Ƙwayar nan ba ta maƙalewa. Mu ke auna ta, da gwajin jini, mu ƙara ko mu rage har ta zauna daidai." Ya ce ba zai yi alƙawarin Baba zai zama waliyyi ba, amma wutar nan ta ƙirji ciwo ce, kuma an cire ta.

Mma Ayishetu ta ce, "In ya fara ihu fa?"

Dokta ya ce ta kawo shi a auna jini. In ƙwayar ce ta yi yawa za a rage, in halinsa ne kuma wannan sai malamai.

Aka ɗebi jininsa, aka kwantar da shi, washegari aka tura shi babban asibiti saboda yadda zuciyar ta yi sanyi. Gwaji ya nuna abin da Dokta ya zata: sinadarin tairod ya kusa ƙarewa, kalsiyam kuwa lafiya lau. Aka fara masa da ƙwaya 'yar kaɗan, domin dattijon da jikinsa ya daɗe a kwance ba a tashinsa da ƙarfi, zuciya ba za ta ɗauka ba. Aka ce ya sha da sassafe da ruwa zalla, ya jira kafin ya sha koko. Duk bayan 'yan makonni sai ya zo wurinmu a auna. Rigar sanyin ce ta fara tafiya, sannan mayafin, sannan kumburin fuska. Salifu ya zo yana mini ƙorafi wai Ciyaman ya lalace, yanzu sauraron shari'a yake yi har yana tambayoyi, ana fita da mai gaskiya da marar gaskiya. Amma ba su sauke shi ba.

Wata safiya, watanni bayan haka, ina teburina sai ga Mma Ayishetu ita kaɗai, idanunta jawur. Na ce, "Mma, lafiya? Ina Baba?"

"Jiya ya yi mini faɗa."

Na jawo takardar gwaji, na ce ta kawo shi yau ɗin nan. Ta riƙe hannuna.

"Tsaya ka ji. Na yi miyan ayoyo na manta daddawa. Ya ci loma ɗaya ya ce, Ayishetu, wannan miya ne ko ruwan wanka? Ya ɗaga murya har na tashi zan fita. Sai ya sauke murya, ya ce, zauna, yi haƙuri, kawo in ci haka." Ta share ido da bakin gyale tana dariya. "Rabi, na farko bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Na biyu bai taɓa sanin akwai miya a kwano ba. Wannan na uku, shi ne na aura ban taɓa gani ba."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu a asibiti mukan rubuta magani mu ɗauka mun gama aiki, alhali maganin gida zai je, ya faɗa hannun wani mai nasa lissafin da nasa tsoron. An gaya wa Mma Ayishetu gaskiya game da ƙwayar nan, ba wanda ya yi mata ƙarya. Ba a dai tsaya an tambaye ta wane irin zama ta yi da ciwon ba. Tun daga ranar, kafin in sallami marar lafiya, sai na nemi wanda zai riƙa ba shi maganin a gida, in zaunar da shi, in tambaye shi abin da yake tsoron zai faru in mutumin ya warke.